'Yan Kunnen Inna

Shekarar da ruwan teku ya shigo gari, ita ce shekarar da Rabi ta zo mana. Kwana kaɗan ne bayan Babbar Sallah, naman layya bai ko ƙare a firji ba, aka shiga shela a rediyo cewa kowa ya zauna gida. Iska ta taso, ruwa ya cika ramukan jirgin ƙasa, garin da ban taɓa ganin ya tsaya don mutuwar kowa ba ya tsaya cik. Ku biyun farko kuna tunawa, don an rufe makaranta kun yi ta murna. Kai Auta ba na jin ka riƙe komai.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne na ji Babba yana gaya wa matarsa wai Mama ta yi shekaru tana gaba da Anti Rabi saboda Anti Rabi ta samu duniya. Ba haka ba ne. Ban yi gaba da ita ba, gaba haramun ce, kuma ba ta taɓa yi mini sallama na ƙi amsawa ba. Kishi na yi, wannan gaskiya ne, amma ba da ita ba, kuma ba a kan dukiya ba. Da ajami nake rubutawa kamar yadda Inna ta koya mini. Wanda zai mayar muku da shi boko ya ji tsoron Allah, kada ya gyara mini magana.

Mutanen gida suna zaton New York ƙaton gari ne. Na masu shi ne ƙato. Tamu New York ba ta fi Zariya ba, ba ta ma kai ba. Daga masallacinmu da ke saman shagon mai waya, sai Fordham Road inda mazanmu suke kasa huluna da safar hannu a tebur, sai gidan wanki, sai shagon mai nama. Ka yi tari a Bronx da safe, kafin azahar an bugo daga Flatbush ana yi maka sannu. A irin wannan gari baƙo ba ya ɓata, amma sai an kama hannunsa. Mijin Rabi, Isufu, ɗan Damagaram ne, teburinsa yana kusa da inda babanku yake tsayar da tasi ya yi sallah. Ɗaki ɗaya yake kwana da wasu gwagware, ba wurin da zai sa mace. Babanku ya dawo wata rana ya ce matar Isufu tana hanya, a ba ta ɗakin yara, ku koma falo. Ta iso da jaka ɗaya da ƙunshin kilishi, siririya, takalminta silifa a cikin wannan sanyi.

Ba ta yi mako ba ruwan ya zo. Ni a lokacin ina aikin kula da wata tsohuwa 'yar Haiti a Flatbush, can abin ya ritsa da ni. Ba jirgi, bas kuwa sai wanda ya iya dambe, kuma ba a barin tsohuwa ita kaɗai. Babanku yana layin mai tun safe har yamma. Aka bar baƙuwar da ba ta san kunna murhu ba da yara uku waɗanda in an yi musu Hausa sai su mayar da Turanci. Da na samu na dawo bayan 'yan kwanaki, na tarar da gida a share, tuwo a kula, kai Auta kana goye a bayanta da zanina, ƙafafunka suna reto har gwiwarta don ka riga ka wuce goyo. Tun daga ranar na ɗauke ta ƙanwa. Ita ma ba ta ƙara kira na Hajiya ba, sai Yaya.

Ni na koya mata garin nan. Na koya mata zura katin jirgi, da gane wanda ya nufi sama da wanda ya nufi ƙasa. Ranar da ta soya tattasai ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, sai ta suri Auta ta yi waje ba mayafi. Na nuna mata yadda ake buɗe taga a kaɗa wa abin faifai ya yi shiru. Bututun ɗumama ɗaki da ya fara huci, na same ta tsaye tana tofa masa Ayatul Kursiyyu. Tana shiga lif ta gaida kowa, ta tambayi gajiya da iyali, su zuba wa ƙofa ido. Ta fito da hawaye ta ce me ta yi musu. Na ce ba ki yi komai ba, haka suke, amma in kin faɗi a titi su ne za su kira miki mota. Na hana ta ɗaukar ɗan wani don ya ba ta sha'awa. Na saya mata takalmin ƙanƙara. Ba gori nake yi ba, ni ma wata ce ta yi mini lokacin da na zo. Ina faɗa ne don ku san inda muka fito ni da ita.

Ranar Asabar muke zuwa gidan wanki. Zanin gado mutum biyu yake so, ita ta kama can ni na kama nan, mu taho mu haɗu a tsakiya. Wata Asabar na buɗe jaka ina neman tsabar kuɗin da ake zura wa inji, sai ta ce:

"Yaya, wannan ƙullin da kike taɓawa kullum, laya ce?"

"Ni 'yar malamai ce, layata tana kaina."

"To mene ne? Ko kuɗin gudu ne, in Alhaji ya ɓata miki?"

Na kwance na nuna mata. 'Yan kunne ne na zinariya, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Su aka sa wa Inna a makon da aka haife ta, su ta sa mini, kuma ranar da za a kai ni ɗaki ta ƙulle mini su a bakin zani ta ce in sa wa takwararta. Inna ita ce take karantar da matan aure a unguwarmu, a tsakar gida, da alluna jingine a bango. Ni kaɗai ce 'yarta mace. Sunanta ba na faɗa da baki, amma zan rubuta muku shi sau ɗaya: Habiba. Ta rasu ina nan, ban ga gawarta ba. Allah ya ba ni maza uku, bayan Auta likita ya ce an rufe. Jiran jika kuwa, kuna yara a lokacin, ga ni da hawan jini, wa ya ba ni tabbacin kaiwa?

Rabi ta juya su a tafin hannunta. Sannan ta ce:

"In Allah ya ba ni ɗiya, sunan Inna za ta ci. Ki riƙe wannan, Yaya."

Ban roƙe ta ba. Ina so wannan ya zauna muku: ban roƙe ta ba, ita ta faɗa, injin wanki yana juyawa a bayanta. Na ce Allah ya nuna mana, muka ci gaba da ninki.

Hajiya Memuna kuwa a wani biki muka haɗu, bayan sanyi ya wuce. 'Yar zangon Kumasi ce, doguwa mai jiki, da haƙorin Makka, tana tuƙa motarta da kanta. Tana da shago a Tompkinsville, can tsallaken ruwa: gaba kayan miya da doya da man ja, baya kujerun kitso. Ɗankwalina ya zame ta ga kaina, ta kamo ni kamar mun saba.

"Hajiya Bronx, wa ya yi maka kitso nan? Hannunshi ya yi kyau paa."

Haka Hausarsu take, ba ta raba mace da namiji. Da yatsana na nuna mata Rabi. Har na ƙara da cewa ai ƙanwata ce, ba ta da ƙiwa. Wata bai cika ba Hajiya Memuna ta ba ta kujera a shago, ta ba su ɗaki da falo a saman gidanta, ita da Isufu. Alheri ne, ba zan ce ba alheri ba ne. Mata da miji sun samu rufi ɗaya, abin da ni ban iya yi musu ba. Ni na ɗaure mata kaya, na raka ta har bakin jirgin ruwa.

Daga nan wayarta ta canza. Da can in ta bugo, Yaya yaya ake kaza. Yanzu sai Hajiya ta ce, Hajiya ta kai ni, Hajiya ta san wani likita. Har "paa" ta shiga bakinta. Unguwar tasu shiru, gidaje a kan tudu, tana hango ruwa daga taga, ta shuka yakuwa a bokitai a bayan gida. Ni tagata bangon maƙwabta take kallo. Wannan duk bai dame ni ba yadda kuke zato. Abin da yake ci na shi ne in ji ta tana ba ni labarin garin da ni na koya mata, da bakin wata. Na ce a raina ba komai, Hajiya tana da shago da mota, ni ina da alkawari.

Da kaka ta haihu, mace. Na yi sujada a tsakar ɗakin tsohuwar da nake kula da ita, har ta tambaye ni ko na yar da wani abu ne. Kun san al'adarmu: wadda aka yi wa takwara ba ta zuwa suna hannu sake. Na karɓi aikin ƙarin kwana, na sayi baho, da atamfa, da rigunan jarirai, da sabulu da turare, na wanke 'yan kunnen nan na goge. Babanku yana kallona ina shirya kaya ya ce:

"Kin ji daga bakin Isufu?"

"Ana tambayar suna kafin ranar suna?"

"A gida ba a tambaya. A nan kuwa ba a sallamar mai jego sai ta ba asibiti suna, ke ma kin sani."

Na sani, a nan na haife ku. Amma tambaya tana nufin ina shakka, ni kuwa ba na shakka. Ana gobe suna Rabi ta bugo, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce Yaya ki zo da wuri. Amma ba ta ajiye wayar ba. Na ce akwai magana ne? Ta ce a'a, sai kin zo.

Ban samu zuwa da wuri ba. Baho a jirgin ƙasa ba abin wasa ba ne, daga Fordham har ƙarshen gari ina riƙe da shi a tsakanin ƙafafu, sannan jirgin ruwa, sannan hawan tudu. Na isa maza sun riga sun zauna da liman a falon ƙasa. Na hau sama wajen mata, na tura bahon ƙarƙashin kujera, ƙullin yana cikin tafin hannuna. Rabi tana bakin gado, ta gan ni ta sunkuyar da kai. Na ɗauka kunyar haihuwar fari ce. Jaririyar tana cinyar Hajiya Memuna. Ban zauna da kyau ba aka shafa fatiha a ƙasa, wani ya ɗaga murya ta matakala ya ce an samu Maimunatu.

Aka rangaɗa guɗa. Ni ma na ce Allah ya raya, na ji bakina ya faɗa. Da dunduniya na ƙara tura bahon ciki, amma baho ba ya ɓuya. Hajiya Memuna ta hango shi.

"Kai, Hajiya Bronx, duka wannan na takwarana ne? Kawo mu gani. Wallahi ka fi ni ƙoƙari."

Ba da mugunta ta faɗa ba, ba ta san komai ba, kuma wannan ya fi ƙona ni. Aka baje kayan a tsakar ɗaki, mata suna ɗagawa suna yabawa, wata tana cewa ai ko mai takwara iyakarta ke nan. Aka miƙo mini jaririya. An riga an huda mata kunne, da wasu manyan 'yan kunne na Dubai masu walƙiya. Na yi mata addu'a da hannu ɗaya, ɗayan a dunƙule.

A kicin Rabi ta same ni ina wanke kofin da ba ni na sha da shi ba.

"Yaya, a gidanta muke. Isufu ya ce da wane ido za mu dube ta."

"Na ce miki wani abu?"

"Da kin faɗa da ya fi mini."

"Allah ya raya Maimunatu. Koma ki zauna, ke mai jego ce."

A jirgin ruwa na dawowa baƙi sun taru gefe ɗaya suna ɗaukar hoton koren gunkin nan da ke tsaye a tsakiyar ruwa. Na zauna ɗaya gefen ni kaɗai, ba baho, hannuna a cikin jaka. A nan na yanke cewa ba zan taɓa tuna mata ba, kuma ba zan ƙara taka Tompkinsville ba sai da dalilin da addini ya ɗora mini. Na cika. Ta haifi namiji bayan shekara biyu, na je, na yi barka, na taɓa abinci, na taso. Lokacin da aka kwantar da ni asibiti na ce kada wanda ya gaya mata, kuka yi ta mamaki. Ranar Asabar ni kaɗai nake ninke zanin gado, ina kama gefe da haɓa. Babanku ya ce ke kike horar da kanki, ita tana can tana kitsonta. Ban musa ba.

Garin kuwa ƙarami ne, na gaya muku. Duk biki, duk ta'aziyya, duk sallar idi, sai na ji wannan murya ta cika wuri: takwara, zo ka gaida mutane. Yarinya ta taho da gudu da kaya iri ɗaya da nata, ana ce mata Hajiya ƙarama. Matar nan tana da 'ya'ya mata uku a Kumasi da jikoki, sunanta ba zai ɓata ba ko a ina. Ban taɓa yi mata fatan asara ba, Allah shaida ne. Na tambayi malaminmu, ya ce abin da ya tsaya a ƙirji bai fito a hannu ko harshe ba, ki yi ta neman tsari kawai. Na yi ta nema. Ni dai so nake a kira sunan uwata a garin nan, wata ta waiwayo.

Shekarar da rana ta yi husufi, mutane suka cika titi da tabarau na kwali, Rabi ta sake haihuwar mace. Ranar suna ina aiki, kuma ban nemi canji ba. Kafin la'asar labari ya iso ni cewa an sa Habiba. Ban bari na yi murna ba. Habiba suna ne na kowa, wataƙila Isufu yana da gwaggo mai shi. Na riga na ɗauki baho sau ɗaya. Na aika Babba da atamfa da gaisuwa, na zauna.

Wata Asabar bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Lif ya lalace a ranar, na buɗe na ga Rabi tana haki da goyo, ta fito yawon arba'in. Ta yi ƙiba, ta yi kyau. Muka gaisa a tsaye kamar maƙwabta. Sai ta kwance goyon ta ɗora mini a hannu ba tare da ta tambaye ni ba, ta zare wa jaririyar hula. Kunnuwan nan lumui, ba huda.

"Duk inda muka shiga sai a ce yaronki kyakkyawa," in ji ta. "Na gaji da cewa mace ce. Hajiya ta sayo nata tun ina da ciki, na ce a'a, wannan kunnen yana da mai shi."

Na zauna da ita a hannu. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ita me ta ce?"

"Ta tambayi dalili, na gaya mata duka, har da baho. Ta yi mini faɗa kamar ta doke ni. Ita ta kawo mu ma, tana ƙasa cikin mota, ba wurin ajiyewa."

Na leƙa ta tagar matakala. Ga motar nan ta tare rabin titi, masu bas suna ta yi mata oda, ita ko a jikinta. A gida da allura da zare za a yi, amma a nan kun san hukuma da jarirai. Na ɗauko jakata na sa mayafi. Haka aka yi na shiga motar Hajiya Memuna karo na farko, a kujerar baya, da jaririya a ɗaure kusa da ni, muka nufi wani maƙerin zinariya a Fordham Road. Ta dube ni ta madubi.

"Hajiya Bronx, yanzu kowa ya samu nashi. Ka huce?"

"Taki ta girmi tawa," na ce, "amma tawa uwata ce. In sun haɗu, taki ce za ta durƙusa."

Ta yi dariya har motar ta karkace. Ni ban yi ba, amma na ji daɗin faɗa.

Maƙerin ya juya 'yan kunnen a hannunsa ya ce tsofaffi ne, yana da sababbi masu sauƙin sawa. Na ce waɗannan za a sa. Ya tafasa su, ya goge, na riƙe kanta a ƙirjina. Da ya huda ta tsala kuka, jikinta duk yana rawa, sai na ji kaina ina jijjiga ta ina cewa yi haƙuri Inna, yi haƙuri Inna, an gama. Rabon da in faɗi wannan kalma ga mai jin ta, tun ranar da na bar Zariya.

Rabi tana tsaye a bakin ƙofa, tana murza hular a hannunta.

"Yaya, na fita haƙƙinki?"

Na dubi ƙwayoyin dawan nan biyu a kunnen da suka daɗe suna jira.

"Kin fita," na ce. "Asabar mai zuwa ina da zannuwan gado."